Soket Ya Daina Ba da Wuta? Ga Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Wani azumi, ana tsakiyar zafi, wata Hajiya a Tudun Wadan Zariya ta turo jikanta ya ɗauko ni a babur, wai soket ɗin firizarta ya mutu. Ƙanƙarar sayarwa na narkewa, ga zoɓo da kunun aya da aka ƙuƙƙulla tun safe. Kafin in iso har ta sa an sayo sabon soket a kasuwar Sabon Gari, yana nan cikin ledarsa a kan tabarma. Na zare fulogin firizar, na soka na ƙwan gwajina, sai ga haske tar.

"Hajiya, ai soket ɗinki lafiyarsa ƙalau."

"To ɗan nan, me ya hana ta tashi? Ko ita ce ta ƙone? Na shiga uku."

Na kwance fulogin. Ɗan fis ɗin da ke ciki ne ya tsinke. Ashe kwana biyu kafin nan an canza mata fulogi, aka kawo mai fis ɗin amfiya 3, wanda na fitila ne ko rediyo, ba na injin firiza mai fizgar wuta duk lokacin da zai tashi ba. Na sa mai 13, firiza ta kama gurnani, sabon soket ya ci gaba da zamansa a leda.

Soket ne ido ke gani, shi ya sa laifi ke fara sauka a kansa. Amma shi ƙarshen hanya ne kawai. Wuta na saukowa daga falwaya ta shiga mita, ta bi ta cenjoba (makunnin sauya wuta tsakanin NEPA da janareta) in gidan na da janareta, ta ratsa akwatin bireka (makunnan da ke yanke wuta da kansu in an samu matsala), ta bi waya a cikin bango ko saman silin, sannan ta iso gare shi. Ko'ina a hanyar nan tana iya tsayawa. Don haka ana bin sawunta ne daki-daki, a fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai.

Da farko, tabbatar soket ɗin ne

Duba makunnin da ke jikinsa. Kada ka yi dariya, an sha biyan kuɗin babur saboda yaro ya danna shi. Sannan ka ɗauki abin da ya ƙi tashin ka kai shi wani soket da ka san yana aiki, ka kuma kawo wani abu mai lafiya ka gwada a wanda kake zargi.

Cajar waya ba abin gwaji ba ce mai kyau. Ka karanta jikinta, za ka ga an rubuta tana aiki daga bolt 100 zuwa 240. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, to ko ta faɗo rabin haka caja za ta yi ta caji abinta, alhali firji ba zai iya tashi ba, sai dai ka ji ya yi ƙas ya yi shiru. Fanka ta fi faɗin gaskiya, don in wuta ta yi ƙasa za ka ga tana juyawa kamar mai jin barci. Ni ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, na ɗaura wa mariƙi da waya da fulogi. Haskensa kaɗai na gaya mini ƙarfin wutar.

In soket ya ba da wuta amma kayanka sun ƙi, kwance fulogin. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda muke amfani da shi, yana da fis a ciki. Mai amfiya 3 rubutunsa ja ne, na kayan da ba su wuce wat 700 ba. Mai 13 ruwan ƙasa ne, na dutsen guga, butar dafa ruwa, firiza da makamantansu. In ka canza ya sake tsinkewa nan take, kayan ne ke da ciwo, sai a kai wa mai gyara. Kada ka naɗe fis da takardar azurfa ko ka ɗaure gurbinsa da silin waya. Ya tsinke ne don kada waya ta kama da wuta.

Na biyu, ƙirga nawa ne suka mutu

Nan ne rabin amsar take, kuma ko sisi ba ka kashe ba. Zagaya gidan da fanka ko ƙwan gwaji.

In guda ɗaya ne tak, ciwon na jikinsa ko bayansa. In biyu ko uku ne a jere, ko na ɗaki guda, to waya ta saki a wani wuri, zan zo kan wannan. In duk soket ɗin gidan sun mutu amma fitilu na ci, nufi akwatin bireka, don layin soket daban yake da na fitilu. In kuwa sashe guda na gidan ne ya yi duhu, fitila da soket gaba ɗaya, ɗaya sashen kuma da wuta, to gidan mai layi uku ne kuma layi ɗaya ya ɗauke. Leƙa maƙwabta, sau da yawa za ka tarar ba kai kaɗai ba ne. Mitar kati in kuɗinta ya ƙare komai take ɗaukewa, ba ta zaɓen ɗaki.

Ka kuma tuna wace wuta kake kai. Gidaje da yawa an haɗa su ne yadda janareta ko inbata ba za su kai wa manyan soket ba, don kada wani ya jona dutsen guga ya durƙusar da su. Wanda ya tare a gidan haya bai san haka ba sai ya ɗauka lalacewa ce. Ita ma cenjoba bakinta na cinyewa saboda yawan ɗagawa da saukewa. In soket na aiki da janareta amma ba ya yi da wutar NEPA, ko akasin haka, ita ce abar zargi.

Abu ɗaya ne a nan ba ya jira. In ka ga fitilar wani ɗaki ta yi haske fiye da ƙima, ta wani ɗakin kuma ta dushe, kashe babban makunni yanzu-yanzu. Alama ce ta wayar nutiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke daga waje, kuma a irin wannan hali wutar da ke shiga wasu kayan na iya haurawa ta doshi bolt 400. Haka ake asarar talabijin da firji a dare ɗaya.

Na uku, akwatin bireka

Buɗe murfin waje kawai, ka duba wacce ta faɗi ƙasa. Kada ka yi saurin ɗaga ta. Je ka zare duk abin da ke jone a soket ɗin da suka mutu, har wanda ke bayan kabad da na bayan gado. Dawo ka danna ta ƙasa sosai, sannan ka ɗaga.

In ta tsaya, mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka jona ta sake faɗuwa, ka kama ɓarawonka. In ba ta faɗi nan take ba sai bayan minti biyar ko goma, lodi ne ya yi yawa. In kuma ta ƙi tsayawa alhali babu abin da ke jone, wayoyi ne suka haɗu a cikin bango ko a bayan wani soket. Bar ta a ƙasa. Kowace ɗagawa da ka yi, tartsatsi kake ƙara wa wurin.

Lissafin lodi ba wuya. Soket na gama-gari amfiya 13 yake ɗauka. Ka ninka da bolt 230, ka samu kusan wat 3,000. Butar lantarki kaɗai na cin wajen 2,000. Dutsen guga daga 1,000 zuwa sama. Risho na lantarki da hitar da ake tsomawa a bokiti su ma kowanne ya kai 1,000 ko fiye. Duk an rubuta a jikinsu. Yanzu ka shiga ɗakin ɗalibai a Samaru ko Kongo da sanyin safiyar hunturu: soket ɗaya ne a ɗakin, an ja masa estenshan, hita na cikin bokiti, wake na kan risho, wani na guga zai tafi lacca, ga kwamfutoci biyu. Ramukan estenshan ɗin na iya zama shida, amma duk ta ƙafa ɗaya wutar ke bi. In bireka ta faɗi a ɗakin nan, aikinta ta yi.

Shi ya sa nake jin haushin mai gyaran da zai ce bari a sa babba don ta daina damu. Girman bireka na bin kaurin waya ne. Wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da ta tafi layi ɗaya, amfiya 20 ne daidai da ita. Sai in an yi mata zobe, wato ta fita daga akwati ta zagaya ta dawo, ake sa mata 32. Ka ɗora wa siririyar waya ƙatuwar bireka, waya za ta narke ita tana tsaye ƙyam. Tsofaffin gidaje na cikin birni da Sabon Gari masu fis na tangaran ma haka ne: akwai wayar fis ta musamman mai lamba, ita ake sawa, ba guntun wayar da aka tsinta ba.

Wasu akwatunan na da wata bireka mai faɗi da ɗan maɓalli mai harafin T. Ita ba lodi take kallo ba, yoyon wuta take kamawa, kuma ta gida kan faɗi da yoyon da bai wuce miliamfiya 30 ba. In ita ce ke yawan faɗuwa da damina, nemi inda ruwa ke taɓa waya: soket ɗin tsakar gida, na famfon burtsatse, na bangon banɗaki, ko hitar da ta tsage. Rai take karewa, kada ka yarda a cire ta.

Kafin ka taɓa sukundireba

An ɗauke wuta ba yana nufin babu wuta ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro a garin nan. Mutum zai ce ai tun safe babu wuta, bari in yi sauri in gyara, yana riƙe da waya tsirara a kawo ta. Ba a yi maka sallama kafin a kawo.

Kashe babban makunni. Mayar da cenjoba tsakiya. Kashe janareta, kashe inbata, don batir ba ruwansa da an ɗauke ko an kawo. Gaya wa mutanen gida, musamman yara masu rige-rigen kunnawa da sun ji maƙwabta sun yi ihu. In gidan haya ne mai mutane da yawa, sa wani ya tsaya a bakin akwatin. Sa takalmin roba, hannu a bushe, ƙasa a bushe. Sannan ka gwada soket ɗin da tasta, wato sukundireba mai ɗan fitila da ke kamawa in ta taɓa wuta, bayan ka fara gwada ita tastar a inda ka san akwai wuta, don mataccen abin gwaji kullum lafiya zai ce maka.

In tsautsayi ya sa wuta ta kama wani, kada ka cafke shi da hannu. Kashe makunni, ko ka ture shi da busasshen katako. Gobarar lantarki kuma ba a zuba mata ruwa sai an yanke wutar. Yashi ya fi.

Wanda ya ji gabansa na faɗuwa a nan, ya tsaya ya kira mai gyara. Abin da ya riga ya gano ma ya rage wa mai gyaran rabin aiki.

Buɗe soket ɗin

Kwance kusoshi biyun, ka jawo shi a hankali. Tun kafin ido ya gani hanci zai gaya maka: ƙaurin roba, wani lokaci da ɗan ƙarni kamar na kifi. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai.

A bayansa akwai mazaunai uku, L da N da E. L na waya mai wuta ne, wadda masu aikin ke kira layif, ja ce a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. N na nutiral ne, baƙa ko shuɗiya. E na wayar ƙasa ne, koriya ko koriya mai ratsin rawaya. In kana fuskantar soket a bango, ramin sama na ƙasa ne, na dama mai wuta, na hagu nutiral. Sai dai kada ka ba launi amana ɗari bisa ɗari, na sha buɗe soket na tarar duka ukun ja ne, don ita ta rage wa wanda ya yi aikin.

Ja kowace waya da ɗan yatsa. A mafi yawan soket ɗin da na buɗe, a nan maganar take ƙarewa: ɗaya za ta zaro ba gardama. Kusar da ba a ɗaure tamau ba tana barin ɗan sarari, wuta na tsallaka shi da ƙyar, wurin ya yi zafi. Zafin ya sa jan ƙarfen ya yi baƙi, baƙin ya ƙara hana wuta wucewa, zafin ya ƙaru. Yau da gobe roba ta ƙone, waya ta saki. Soket ba ya mutuwa rana ɗaya. Makonni ya yi yana ba da labari: fulogi na ɗumi, ana jin ɗan tsit-tsit in an jona guga, gefen rami ɗaya ya yi ruwan toka, sai an karkata fulogi ko an tokare shi da takalmi kafin ya kawo.

Gyaran shi ne ka yanke bakin wayar har inda jan ƙarfen ke ƙyalli kuma robar ba ta ƙandare ba. Feƙe kamar santimita ɗaya. In waya ɗaya ce siririya, lanƙwasa bakin biyu don kusa ta samu abin kamawa. Tura ta yadda kusar za ta danne ƙarfe, ba roba ba, kuma kada tsirara ya leƙo waje. Ɗaure sosai, ka sake ja ka ji. In jikin soket ɗin ya ƙone ko ya tsage, ko makunninsa ya yi laushi ba ya ƙara, jefar da shi. Haka in ramukan sun buɗe fulogi na rawa a ciki. Abin da ke buɗe su kuwa sananne ne: cusa murfin biro a ramin sama don a tura fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, ko soka waya tsirara a tokare da tsinken ashana. Adafta mai kyau ta fi arha a kan sabon soket.

Sau da yawa za ka ga waya bibbiyu a kowane mazauni. Ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta wuce da ita soket na gaba, kamar raƙuma a ayari. Wannan ne ya sa uku ke mutuwa tare. Kuma abin da mutane ke mantawa shi ne, ciwon ba lallai yana cikin matattun ba. Yana iya zama a soket na ƙarshe da ke aiki, inda wayar shigowa ke riƙe amma ta fita ta saki. Don haka buɗe biyu: mataccen da ya fi kusa da akwatin bireka, da mai ran da ke kusa da shi, ko da a bayan bangon yake, a ɗakin maƙwabci.

Ranar da tasta ke ƙarya

Wani magidanci a Gyallesu ya taɓa rantse mini cewa aljanu ne. Tasta na kamawa a soket, amma ko fanka ba ta motsi. Da na gwada, ramukan biyu duka suna kunna ta.

"Malam, ka gani ko? Wuta har ta yi yawa, amma ba ta aiki."

"Alhaji, hanyar komawarta ce ta yanke."

Wuta sai ta je ta dawo take aiki. Ta shiga ta layif, ta ratsa fanka, ta koma ta nutiral. In nutiral ta tsinke, wutar na nan tsaye a waya ba inda za ta. In kuma akwai wani abu a jone a layin, sai ta ratsa ta cikinsa ta cika ita ma wayar nutiral ɗin, ramuka biyu su kama. Soket irin wannan ya fi kowanne haɗari, don kowa na ɗaukarsa matacce alhali zai iya kashe mutum. Tasta waya ɗaya kawai take gani, ba ta san ko da'ira ta cika ba, ga shi a cikin rana ba a ganin haskenta sosai, wani lokacin kuma takan ɗan yi ja don kawai wayar na kwance kusa da wata mai wuta. Mai gyara na gaske maltimita, na'urar auna wuta, yake sawa tsakanin ramukan biyu ya karanta lamba. A gidan Alhajin, a saman silin muka samu inda aka murɗa wayoyi biyu aka naɗe da selotef, zafin kwano ya busar da shi, mahaɗar ta saki.

Abin da gari da gini ke jawowa

Daga Mayu zuwa Oktoba bango na shan ruwa, musamman ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti da ɗakunan da ba a ɗaga tushensu ba. Soket ɗin da ke kusa da ƙasa za ka buɗe ka ga kusoshinsa sun yi tsatsa, jan ƙarfen ya yi kore. Canza shi kawai ba ya magani, sai an ɗaga shi sama ko an toshe inda ruwan ke shiga. Da hunturu ƙura ce ke cika makunni. Sauran shekara kuma sai baƙi: tururuwa, kyankyasai, gara da ke biyo bututu, da zanzaro da ke cika ramin soket ɗin da ba a amfani da shi da laka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka soket ɗin da ya fashe ko ya rabu da bango a gyara shi da wuri. Ɓeraye kuma a silin suke gwaguyar roba. In layi ya mutu bayan an buga ƙusa don rataye labule ko agogo, ka san inda za ka fara nema.

Sai ita kanta wayar. Akwai wadda alminiyam ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, mai saye na yi wa rogo kallon kitse. Kankare bakinta da wuƙa: in fari ya fito, mayar musu. Irin wannan ta fi saurin zafi, kuma kusa na dannarta take karyewa. Masu aikin da yawa sun fi yarda da wayar da aka ƙera a nan gida Najeriya mai tambarin hukumar SON. Soket ma ka ɗaga ka ji nauyinsa a hannu, ka danna makunnin ka ji ya yi ƙas da ƙarfi. Na'urar sanyaya ɗaki, hitar banɗaki da babban murhun lantarki kuwa kowanne layinsa daban ake ja masa daga akwati, da waya mai kauri.

Abin da ya shafi cikin akwatin bireka, cenjoba, wayar da ke binne a bango, ko jikin firji da ke jan mutum, na mai gyara ne, kuma ka nemi wanda ke da shaidar aiki, hukumar NEMSA ce ke ba da ita. Mita da wayar da ta sauko daga falwaya ba naka ba ne, ba kuma na mai gyaran unguwa ba. A Zariya ofishin Kaduna Electric ake kai wa rahoto. Ɗan haya ya sanar da mai gida kafin a fasa bango.

In ka gama naka gyaran, mayar da wayoyin cikin ramin a hankali kada kusa ta huda ɗaya, ka ɗaure fuskar ta zauna daram. Ɗaga babban makunni, sannan birekar layin. Fara da ƙwan gwaji ko fanka. In ya kawo, jona dutsen guga ka bar shi minti goma kana tsaye a wurin, sannan ka kashe, ka zare fulogin ka taɓa ƙafafunsa da fuskar soket ɗin da bayan hannu. Ɗan ɗumi ba komai. In ya yi zafin da sai ka janye hannu, akwai kusar da ba ta ɗauru ba, sai ka sake kashe wuta ka buɗe.